Kafin Ka Zuba Iri: Gwajin Ƙasar Lambun Gida a Sharaɗa, Chalawa da Bompai

Tsadar kayan miya ta koya wa gidaje da yawa a Kano noman bayan ɗaki. Duk inda aka samu ɗan fili, ko a tsakar gida, ko jikin katanga, ko kangon da ba a kai ga ginawa ba, za ka tarar an ja kunya biyu ko uku an yafa alayyahu, an dasa tumatir da attaruhu. Abu ne mai kyau, ba kuma mai cewa a bari. Sai dai ga mazauna unguwannin da ke maƙwabtaka da kamfanoni, irin su Sharaɗa da Ja'en, ko Panshekara da Kumbotso a gefen Chalawa, ko Dakata, Kawaji da Gama a ɓangaren Bompai, akwai abin da ya kamata a sani tun kafin a sayi iri, wato abin da ke cikin ƙasar da za a shuka shi.

Tambayoyi biyu ne a nan, kuma mutane kan haɗa su wuri guda. Ta farko, shin ƙasar za ta ciyar da shuka? Ta biyu, shin abin da ta fitar zai ciyu ba tare da cutarwa ba? Ta farkon kana iya amsa ta a gida da fartanya da kwalba da bokiti. Ta biyun kuwa ido ba ya amsa ta, hanci ma ba ya amsa ta, sai ɗakin gwaje-gwaje. Ruwan kwata cike yake da abincin shuka, shi ya sa latas ɗin da aka yi wa ban ruwa da shi yakan fi kowanne faɗin ganye da sheƙi. Wani lokaci wannan sheƙi kyan ɗan maciji ne.

Daga ina matsalar take?

Bompai ce tsohuwar unguwar masana'antu a Kano, Sharaɗa da Chalawa suka biyo bayanta. A cikinsu akwai kamfanonin jima, da na saƙa da rini, da na roba, da masu narka ƙarfe. Masu jimar gargajiya na Majema da bagaruwa suke aiki, ita kuwa 'ya'yan itace ce, tana ruɓewa ta bi ƙasa. Jimar zamani da gishirin kuromiyam ake yin ta, ga gishirin da ake cuɗa ɗanyar fata da shi don kada ta lalace, ga sinadarin cire gashi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wanda duk mai bin hanyar Chalawa ya san shi. Ruwan da ke fitowa daga Bompai yana bin rafin Getsi ya faɗa Jakara, Jakara ta kai shi madatsar Wasai a yankin Minjibir. Na Sharaɗa yana bin Salanta zuwa kogin Chalawa, inda na kamfanonin Chalawa ma yake ƙarewa. Shekaru da dama masu bincike daga Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello suna ɗiban ruwa da ƙasa da ganye a bakin waɗannan rafuka, kuma sun sha samun kuromiyam da dalma da kadmiyam, a wasu wuraren fiye da iyakar da aka yarda da ita.

Ba kamfanoni kaɗai ke kawo su ba. Garejin kanikawa yana barin baƙin mai a ƙasa, shagon gyaran batir yana barin dalma, haka ma tsohon fenti da ke ɓarewa daga bango. Bolar da ake ƙonawa kullum tana tara tokar batura da wayoyi da robobi. Manoman karkarar Kano sun daɗe da sanin darajar takin birni, tun ana ɗibar sa a mangala bisa jakuna ana kai wa gonaki. Amma sharar wancan zamani toka ce da kashin awaki da ɓawon gyaɗa. Ta yau har da mataccen batirin tocila da gilashin tsohuwar talabijin.

Abin da ya sa ake jin tsoron waɗannan ƙarafa shi ne ba sa ruɓewa. Kamfani yana iya rufewa shekara 20 da suka wuce, a yanka filin a sayar, a yi gini, amma abin da ya shiga ƙasar yana nan. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yara, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta a jini da za a ce ba shi da illa. Jikin ƙaramin yaro yana tsotsar ta ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba. Kadmiyam yana taruwa a ƙoda, ya shekara goma zuwa talatin kafin rabinsa ya fita, yana kuma raunana ƙashi. A Toyama ta ƙasar Japan, manoman da suka yi ta cin shinkafar da aka shayar da ruwan kogin Jinzu sun kamu da ciwon ƙashi mai tsanani, har gwamnati ta amince a 1968 cewa kadmiyam ɗin mahaƙar ma'adinai ne sanadi. A nan gida, a 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Can dutsen zinariya ake niƙawa a cikin gidaje, don haka lamarin ya fi na lambun birni muni nesa ba kusa ba. Darasin dai ɗaya ne: ƙasar tsakar gidajen ba ta sauya kala ba, kuma da aka zo gyara sai da aka kankare ta aka kwashe, aka zubo sabuwa.

Gwajin farko: tarihin filin

Wannan ba ya cin ko kwabo, kuma ya fi sauran gwaje-gwajen gida amfani. Ka nemi dattawan layin, ko mai unguwa, ko wanda ya sayar maka da filin, ka tambaye su abin da ake yi a wurin kafin ka zo. Gona ce? Bola ce aka cike? Kududdufi ne aka binne da shara? An taɓa shanya fata a nan, ko jibge tarkacen kamfani, ko gyaran mota? Da aka zo ciko, daga ina tifa ta ɗebo ƙasar? In ruwan Agusta ya yi ƙarfi, kwatar kamfani tana tumbatsa ta shigo layin?

Daga nan ka ɗauki shebur ka haƙa rami kamar kamu ɗaya, ka duba bangonsa. Ƙasar gona ta asali tana fitowa da kala ɗaya da ke sauyawa a hankali daga sama zuwa ƙasa. Ƙasar ciko kuwa hawa-hawa take: jar marmara a sama, baƙar toka a tsakiya, sai ledoji da fasassun kwalabe da tsummokara. In ka ga guntayen fata masu launin shuɗi-shuɗi ko toka-toka, to ragowar fatar da aka jeme da kuromiyam ce. In ƙasar tana warin mai ko warin magani, ko ruwan da ya taru a ramin ya yi wani maiƙo mai kala-kala a sama, ba sai an faɗa maka ba. Ruwa ba ya tsami banza. Duk filin da ya nuna ɗaya daga cikin waɗannan, kada ka shuka abin ci a cikinsa kai tsaye sai ɗakin gwaji ya wanke shi.

Ka kuma tuna cewa sakamakon maƙwabcinka ba naka ba ne. Gida biyu na iya haɗa katanga, ɗaya a kan tsohuwar gona, ɗayan a kan tsohon juji.

Abin da za ka iya gwadawa a gida

Jikin ƙasa. Ka samu kwalba fara mai murfi, ka zuba ƙasa ta kai kashi ɗaya bisa uku, ka cika da ruwa, ka sa ɗan cokalin garin sabulun wanki, ka girgiza sosai ka ajiye. Cikin minti ɗaya ko biyu rairayi zai kwanta, sai ka ja layi a jikin kwalbar. Bayan awa biyu lallausar ƙasa za ta hau kansa, ka sake jan layi. Yumɓu shi ne na ƙarshe, yakan ɗauki kwana ɗaya ko biyu. Yawancin ƙasar tudu a Kano jigawa ce, za ka ga rairayi ya cinye mafi yawan tsawon. Irin wannan tana da sauƙin aiki, amma ba ta riƙe ruwa ba ta riƙe taki, maganinta ruɓaɓɓen takin gida mai yawa da ban ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai. In yumɓu ya yi yawa, kamar a fadama, ruwa zai riƙa kwanciya saiwa ta ruɓe, sai an ɗaga kunya an haɗa da buntun shinkafa.

Shan ruwa. Ka haƙa rami mai zurfin santimita 30 da faɗi kamar haka, ka cika shi da ruwa ka bari ya tsotse, sannan ka sake cikawa ka sa sanda ka auna. In ruwan yana sauka santimita 3 zuwa 7 a awa, ƙasar ta yi daidai da kayan lambu. In ya ɓace cikin 'yan mintuna, rairayi ya yi yawa. In ka wayi gari ka same shi a tsaye, akwai fako ko daɓen tsohon gini a ƙarƙashi.

Tsami da kanwa. Wannan shi ne abin da masana ke rubutawa da pH, ma'aunin da ke tashi daga 0 zuwa 14, 7 ce tsakiya. Ƙasa da 7 tsami ne, sama da 7 ɓangaren kanwa ne. Kayan lambu sun fi son 6 zuwa 7. Masu sayar da kayan ɗakin gwaji suna da 'yar takardar da ke sauya kala, suna kuma da tataccen ruwan da ake gwajin da shi. Ka dama ƙasa awo ɗaya da ruwan awo biyu, ka bari rabin awa, ka tsoma takardar ka gwada kalar da ta jikin kwalin. Tsakar gidan da aka shekara ana zubar da toka da ruwan wanki yakan haura 7.5, alamarsa ita ce sabon ganye ya fito rawaya jijiyoyinsa na kore. A irin wannan wuri ƙara toka ƙara ciwo ne. In kuma ya sauka ƙasa da 5.5, abin lura ne ga mazaunin gefen kamfani, domin a ƙasa mai tsami ne kadmiyam ya fi sakin jiki ya hau cikin ganye.

Gishiri. Ruwan jima yana da gishiri sosai, kuma ƙasar da ta sha shi takan yi farin ɓawo a sama idan ta bushe. Shuka tana yin yaushi alhali ƙasa na da danshi, bakin ganye yana ƙonewa. Albasa da karas da latas su suka fi saurin jin jiki, tumatir ya fi su juriya. Ga gwaji mai sauƙi: ka samu roba biyu, ɗaya ka cika da ƙasar lambunka, ɗayar da ƙasar gonar da ka amince da ita daga nesa da kamfanoni. Ka shuka ƙwayar tumatir ko kuɓewa 20 a kowacce, ka riƙa ba su ruwa iri ɗaya. Bayan kwana goma ka ƙirga waɗanda suka tsiro ka gwada tsawonsu. In na ƙasarka sun tsiro tsilla-tsilla kuma a tsumbure, akwai abin da ke damun ta.

Sai dai ka riƙe wannan da kyau: ko duk ashirin ɗin sun tsiro sun yi ɓul-ɓul, abin da suka faɗa maka kawai shi ne ƙasar ba ta kashe shuka. Ba su ce komai game da dalma ba.

Yadda ake ɗiban ƙasar da za a kai gwaji

Sakamako ba ya fin samfurin da aka kai kyau, don haka a nan ne ake son natsuwa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen damina, Satumba zuwa Oktoba, kafin a yi renon irin noman rani. Kada ka ɗiba a makon da ka zuba taki.

Ka share ciyawa da shara daga saman ƙasar. Ka bi filin a karkace, daga wannan kusurwa zuwa waccan, ka tsaya a wuri 10 zuwa 15. A kowane wuri ka yanko ƙasa daga sama zuwa zurfin santimita 20, wato kamar taƙi guda, domin nan ne saiwar ganye take kiwo. Ka tara su duka a bokitin roba mai tsabta. Kada ka yi amfani da bokitin ƙarfe, ko gwangwanin fenti, ko robar da aka taɓa zuba mai ko taki a ciki, don kada su ƙara wa ƙasar abin da babu shi. Ka murtsuke, ka tsince duwatsu da saiwoyi, ka cakuɗa sosai, ka baza a kan takarda mai tsabta a inuwa ta sha iska. Ba a shanya ta a rana, ba a kuma gasa ta a wuta. Idan ta bushe ka ɗebi rabin kilo ka ƙulla a sabuwar leda, ka rubuta sunanka da unguwa da kwanan wata da zurfin da ka haƙa.

Wurin da kake zargi, kamar bakin kwata, ko inda tsohuwar bola take, ko gindin bangon da fentinsa ke zuba, kada ka haɗa shi da sauran. Ka yi masa ledarsa daban. In ka cakuɗa su, ƙasa mai kyau za ta tsarma marar kyau, takarda ta fito da adadin da zai kwantar maka da hankali a banza. In akwai ƙananan yara a gidan, ka kankaro saman ƙasar inda suke wasa, santimita biyu zuwa biyar kawai, ka yi mata tata ledar, domin ita ce ke shiga bakinsu.

Ruwan da za ka yi ban ruwa da shi ma sai an gwada. Ka ɗauraye sabuwar gorar ruwa sau uku da ruwan rijiyar, ka cika ta taf, ka rufe, ka kai a ranar. Rijiya marar zurfi da ke kusa da magudanar kamfani ita ta fi zama abin zargi. Masu sana'ar ruwan leda suna da 'yar na'urar da ake tsomawa ta nuna yawan gishirin da ya narke a ruwa. Bisa ƙa'idar Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙasa da miligiram 450 a lita babu matsala, daga 450 zuwa 2,000 a yi hattara, sama da haka zai lalata ƙasa. Ita ma wannan na'ura gishiri kaɗai take gani, ba ta bambance dalma.

Inda za a kai, da abin da za a nema

Ka fara tuntuɓar Sashen Nazarin Ƙasa na Tsangayar Aikin Gona a sabon mazaunin Jami'ar Bayero da ke kan titin Gwarzo, ko Cibiyar Noman Yankuna Masu Ƙarancin Ruwa da ke jami'ar. Akwai kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR a Samarun Zariya. Malaman gona na KNARDA, hukumar raya aikin gona ta Jihar Kano, suna iya nuna maka hanya, su kuma taya ka karanta sakamako. Ka je da kanka ka tambayi kuɗin kowane gwaji kafin ka kai samfur.

A nan mutane da yawa suke yin asarar kuɗinsu. In ka ce kawai a gwada maka ƙasa, gwajin taki za a yi: pH, da gishiri, da yawan ruɓaɓɓen abu, da sinadaran nan uku da ke cikin takin kamfa. Yana da amfani, domin shi zai hana ka zuba yuriya inda sufa ake buƙata. Amma ba ya haɗa da ƙarafa. Sai ka faɗa da bakinka, ka kuma rubuta a takarda, cewa kana son a auna dalma da kadmiyam da kuromiyam, waɗanda alamominsu su ne Pb da Cd da Cr. Ka ce jimillar abin da ke cikin ƙasar kake so, domin akwai wani awon da ke nuna ɗan abin da shuka ke iya tsotsa kawai, adadinsa yakan fito ƙarami, kuma ba a gwada shi da ma'aunan da ke tafe. In aljihu bai kai duka ba, ka bar gwajin taki ka yi na ƙarafa. Ƙarancin taki shuka da kanta za ta nuna maka, guba kuwa ba za ta nuna ba.

Karanta sakamako

Za a rubuta adadin da mg/kg, wato miligiram nawa ne a kilo ɗaya na ƙasa. Wasu kan rubuta ppm, duk ɗaya ne. Ƙasashe sun bambanta a inda suka ja layi. Kanada, wadda tana cikin masu tsauri, ta sa wa ƙasar noma iyakar 70 ga dalma, 1.4 ga kadmiyam, 64 ga kuromiyam. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta rage ma'aunin dalma a ƙasar gidajen zama daga 400 zuwa 200 a Janairun 2024.

Shawarata ita ce, in duka ukun suna ƙasa da ma'aunin Kanada, shuka abin da kake so. In dalma tana tsakanin 70 da 200, ka tsaya a kan masu 'ya'ya, wato tumatir, tattasai, attaruhu, kuɓewa, yalo da kokwamba, ka ƙara takin gida, ka rufe ƙasar da ciyawa. In ta haura 200, ko kadmiyam ya wuce iyaka, to ka bar ƙasar gaba ɗaya ka koma noman buhu, ka kuma hana yara wasa a wurin. Gidan da dalma ta fito da yawa, a kai ƙananan yara da mai juna biyu wajen likita a nemi gwajin jini, ko da babu wanda ke ciwo.

Dalilin bambanta kayan lambu shi ne kowane ƙarfe da hanyarsa. Kadmiyam yana bin saiwa ya hau ya zauna a ganye, shi ya sa alayyahu da latas da lansir suka fi ɗaukar sa. Dalma ba ta cika hawa ba, ta fi zuwa ta ƙurar da ke maƙale wa ganye da ɓawon karas. Kuromiyam irin na jima yakan tsaya a saiwa, amma akwai wani nau'insa mafi haɗari mai cin fata da jawo ciwon daji, wanda ƙona tarkacen fata yake iya haifarwa. Don haka tokar da aka ƙona guntayen fata a cikinta kada ta kusanci lambu, haka ma lakar kwatar kamfani da wasu ke kwasa suna kiran ta taki. In ka riga ka shuka kafin ka karanta wannan, ana iya kai ganyen kansa a gwada. Ma'aunin abinci na duniya na Codex ya sa iyakar miligiram 0.3 ga dalma da 0.2 ga kadmiyam a kowane kilo na ganye.

In ƙasa ta faɗi gwaji, ko babu kuɗin gwajin

Babu maganin da za a yayyafa ƙarfe ya ɓace, kuma malale ƙasar da ruwa gishiri kawai yake wankewa. Hanya mafi sauƙi ita ce a raba saiwa da ƙasar wurin. Buhun shinkafa, na fulawa ko na sukari duk suna yi. Ka huda su ta ƙasa, ka ɗora su a kan bulo ko daɓen siminti. Ganye yana wadatuwa da zurfin santimita 25 zuwa 30, tumatir da attaruhu suna son 40. Ko ka gina akwatin bulo hawa biyu, ka shimfiɗa buhuna a ƙasansa kafin ka zuba sabuwar ƙasa. Ka guji buhuna da shuɗayen durom ɗin da suka fito daga kamfani in ba ka san abin da aka taɓa zubawa a ciki ba, komai arharsu.

Haɗin da ke aiki shi ne ƙasar gona awo biyu, ruɓaɓɓen kashin shanu ko na awaki awo ɗaya, tsohon buntun shinkafa awo ɗaya. Ka tambayi mai tifa ko mai kura ainihin inda ya ɗebo ƙasar. In daga gaɓar Salanta, Getsi ko Jakara ce, ko gaɓar Chalawa daga kamfanoni zuwa ƙasa, ka ce masa ka gode. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, sai ya daɗe a tsibi yana ruɓewa.

Ruwa mai tsabta shi ne sauran rabin aikin, domin sabuwar ƙasar da aka shekara ana ba ta ruwan kwata za ta koma irin tsohuwar. Ruwan famfo, na burtsatsen da aka gwada, ruwan alwala da na wankin shinkafa duk suna yi. In za a tari ruwan sama, a bar na farkon ya wanke ƙurar kwano tukuna. In kwata ta yi ambaliya ta shafe lambun, ganyen da ke ciki a zubar, ƙasar kuma a sake gwada ta.

Uwargida, naki aikin yana wajen gyaran ganye. Ki cire ganyen waje na latas da kabeji ki yar, ki wanke sauran a ruwa uku kina sauyawa, ki kankare karas. Wanki da gishiri ko ruwan kal yana rage ƙwayoyin cuta da ƙura, amma ba ya fitar da ƙarfen da ya riga ya shiga cikin ganyen, dafuwa ma ba ta fitar da shi. A wanke hannun yara kafin cin abinci, a bar takalmin lambu a waje, a yayyafa ruwa kafin shara don kada ƙura ta tashi, musamman da hunturu.

Kuɗin gwajin ƙarafa yana iya yi wa gida ɗaya nauyi, amma hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Gidaje biyar ko goma da ke shan rijiya ɗaya suna iya haɗa kuɗi a gwada ruwan sau ɗaya, sannan kowa ya kai ledar ƙasarsa a tafiya guda, a nemi ragi. A ajiye takardun sakamakon, a yi musu hoto a waya. In sun nuna abin da ya wuce iyaka, a haɗu da mai unguwa a kai kwafi Ma'aikatar Muhalli ta Jihar Kano da ofishin NESREA, hukumar tarayya da aka kafa a 2007 don tilasta bin dokokin muhalli. Ƙorafin wari da baƙin ruwa an saba jin sa, amma takardar ɗakin gwaji mai adadi da kwanan wata da sunan layi tana da wuyar turewa gefe. Kafin sakamakon ya fito, a fara da buhu goma na tumatir da attaruhu, a bar alayyahu da latas sai an ga abin da takarda ta ce.